Wa Ya Riƙe Albashin Malam?

A watan Oktoban 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari yake gabatar da kasafin kuɗi a gaban Majalisar Tarayya, ya ba da umarnin cewa duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da bai shiga IPPIS ba zuwa ƙarshen watan ya daina sa ran albashi. IPPIS shi ne tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ofishin Akanta Janar ke gudanarwa daga Abuja. Umarnin ya hau kan jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya baki ɗaya, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Kontagora. Aka tura jami'ai makarantu da kwamfutoci, ma'aikata suka yi layi riƙe da takardun ɗaukar aiki, aka ɗauki hoto da zanen yatsa. A farkon 2020 kuɗi suka fara fitowa ta sabuwar hanya.

A gari irin Kontagora albashin tarayya ba na mai shi kaɗai ba ne. Mai shagon da ya ba da shinkafa bashi yana jiransa, mai gidan haya yana jiransa, haka ɗan kabu-kabun da ke kai yara makaranta a biya shi a ƙarshen wata, haka dillalin masara. Idan alat ya makara, ko ya shigo bai cika ba, kafin azahar kasuwa ta sani. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya dame ni, ko da yake a jaridu an fi kallonsa a matsayin rigimar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU.

Koke-koken da ƙungiyoyin ma'aikata suka riƙa kaiwa daga makarantu daban-daban na ƙasar nan sun yi kama da juna ƙwarai. Wani ya ga albashinsa ya ragu, alhali ba a rage masa muƙami ba. Wani yana shiga aji kullum, ɗalibai na ganinsa, amma watanni suka wuce ko sisi bai gani ba. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na uku: takardar albashinsa ta nuna an cire masa kuɗin adashin ma'aikata da kuɗin ƙungiya, ya je wurin sakataren adashin neman rance, aka ce masa babu abin da ya shigo. Kuɗin sun bar hannunsa, ba su isa inda aka nufa ba. Kwamfuta ba ta barci, ba ta son kai, kuma an sayo ta ne don ta kawo ƙarshen irin wannan. To ina matsalar take?

Mutumin da aka fara tuhuma shi ne wanda ya fi kusa. A kowace irin wannan makaranta akwai ɗakin kwamfuta, akwai kuma wani matashi ko matashiya da kowa ke kira Injiniya, wanda ya iya rubuta manhaja, shi ke kula da shafin rajistar ɗalibai, shi ake nema idan firinta ta ƙi aiki. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan ofis a ƙarshen wata ya san yadda maganar take tafiya. Dattijon malami zai shigo da takarda a hannu.

"Injiniya, me na yi maka? Dubi abin da ka biya ni."

"Ranka ya daɗe, wallahi ba daga nan ba ne. Abin da muka tura daidai yake, ga shi ka gani."

"To gyara mini mana, ba kai ne mai kwamfutar ba?"

"Baba, ba ni da hurumin taɓa wannan wurin. Sai dai mu rubuta Abuja."

Dattijon yakan fita yana ganin an raina masa hankali, kuma ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru, albashin waɗannan makarantu a cikin gida ake lissafa shi. Gwamnati ta turo kuɗin ma'aikata dunƙule, ofishin ma'aji ya rarraba, da taimakon wata 'yar manhaja da aka saya ko wadda ma'aikatan wurin suka rubuta da kansu, wani lokaci ma Excel kawai. Idan aka yi kuskure, wanda ya yi shi yana ƙofa ta uku daga ofishinka, ka san gidansu, kuna sallah masallaci ɗaya. Malam ya saba da wannan duniyar. Bai san cewa an kwashe lissafin daga hannun yaron ba. Abin da aka bar wa jami'an makaranta a zamanin IPPIS ƙayyadajje ne: su tattara canje-canjen wata, wane ya samu ƙarin girma, wane ya rasu, wane ya yi ritaya, su cike jadawalin da aka tsara musu, su tura, su jira. Dokokin lissafin kansu, wato abin da ke cewa a ba wane kaza a cire masa kaza, suna can Abuja. Idan aka ɗora abin da Injiniya ya tura kusa da abin da banki ya biya aka ga bambanci, to bambancin ya faru ne bayan takardar ta bar hannunsa. Wannan kaɗai ya isa ya wanke shi.

Sai zargi ya koma kan banki da sunaye. Nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma mu 'yan Arewa abin ya fi cin mu. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Muhammad a BVN, lambar tantancewar banki da aka ɓullo da ita a 2014. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe lokacin da ya shiga sakandare, daga baya ya koma sunan mahaifinsa. Ranar haihuwa kuwa, da yawa daga cikin manyanmu takardar rantsuwar kotu ce shaidarsu, kuma ba lallai ta dace da abin da aka rubuta a banki ba. Manhajar da aka umarta ta ƙi duk abin da bai dace harafi da harafi ba za ta tsayar da irin waɗannan mutane. Wasu daga cikin waɗanda ba su ga alat ba, nan matsalarsu ta tsaya, da aka gyara sunan kuma kuɗi suka fito.

Amma kuskuren suna ba ya zaɓe. Yana faɗa wa masinja, yana faɗa wa farfesa, gwargwadon sa'ar kowa. Abin da ya bayyana a koke-koken kuwa yana da tsari. Waɗanda albashinsu ya tsaya gaba ɗaya, akasari irin mutane guda ne: malamin da ya tafi hutun sabatika yana koyarwa shekara guda a wata makaranta, malamin ziyara da ke zuwa daga wata jami'a, na wucin gadi, na kwantiragi, da wanda aka ɗauka sabo. Idan cuta ta riƙa kama masu sana'a ɗaya kaɗai, sai a bar zargin iska a dubi sana'ar. Wannan ita ce alamar farko mai ƙwari, zan dawo kanta.

Gwamnati tana da nata bayanin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Ta ce masu kuka suna kuka ne don an toshe musu kafa. An fara IPPIS a 2007 da tallafin Bankin Duniya, a ma'aikatu bakwai na gwaji, don maganin ma'aikatan bogi, kuma ya kama su. A Fabrairun 2016 kaɗai, zamanin da Kemi Adeosun take ministar kuɗi, ma'aikatar ta sanar da cire sunaye kusan 24,000 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada su da BVN. Babu mai hankalin da zai ce makarantu sun tsira daga wannan cuta. An san ana ɗaukar aiki ta bayan gida, an san akwai malaman da ke ziyara a makarantu da yawa fiye da yadda mako zai iya ɗauka. Wanda ya ce babu abin ɓoyewa ko kaɗan bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai wannan bayanin ya ci karo da wani abu. ASUU ce ta ƙi shiga tun farko, ta tafi yajin aiki daga Maris zuwa Disamban 2020. Sauran ƙungiyoyin kuwa sun shiga: SSANU da NASU na ma'aikatan da ba sa koyarwa, ASUP ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da COEASU ta malaman kwalejojin ilimi, wadda ita ce ta malamanmu na Kontagora. Waɗannan sun yi layi sun ba da yatsunsu, ba su ɓoye kowa ba. Su ne kuma, bayan albashin farko ya fito, suka fara kuka da babbar murya. Ma'aikacin bogi ba ya zuwa ofis ya yi ƙorafi. Waɗanda suka cika ofisoshin ma'aji mutane ne masu rai, da lambarsu a hannu.

Saura manhajar kanta. Zangon farko na IPPIS kamfanin SystemSpecs na Legas ne ya yi shi, wanda kuma ya yi manhajar biyan kuɗi ta Remita. Daga baya aka koma kan manhajar Oracle ta Amurka, ta hannun wani kamfanin Nijeriya mai suna SoftAlliance. Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja da suka ji sunan sai su ce ai shi ke nan, an gano ɓarawo: babbar manhajar kamfani ce, mai nauyi, mai tsadar lasisi, mai wuyar sha'ani. Na fahimci haushinsu. Irin waɗannan manhajoji ba don jin daɗin mai aiki da su ake gina su ba. Amma a yi adalci, manyan kamfanoni da gwamnatoci a ƙasashe da dama suna biyan dubban ɗaruruwan ma'aikata da kayan Oracle duk wata. Tarawa da ɗebewa ba su gagare ta ba. Tana iya biyan mutum ɗaya a wurare biyu, tana iya riƙe shekarun ritaya iri-iri, idan an gaya mata ta yi haka.

Abin da ya faru a Kanada ya taimaka mini wajen ganin inda ya kamata a duba. A Fabrairun 2016 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da tsarin albashi mai suna Phoenix, wanda IBM ya gina kan PeopleSoft, ita ma mallakar Oracle. Aka rage ƙwararrun ma'aikatan albashi da ke zaune a ma'aikatu, aka tattara aikin a wani ƙaramin gari, Miramichi. Zuwa tsakiyar 2017, ma'aikata fiye da 150,000 suna jiran a gyara musu wani abu a albashinsu: wasu an biya su ƙasa, wasu sama, wasu ba a biya su ba sam. Da Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, ya bi diddigi a rahotonsa na 2018, shugabannin aikin ya ɗora wa laifi. Gwamnatin tana da dokokin biyan albashi wajen 80,000 da suka fito daga yarjejeniyoyi sama da ɗari da ƙungiyoyin ma'aikata. Da kuɗin da aka ware suka gaza, sai shugabannin suka yanke ayyuka da dama daga cikin manhajar, suka rage gwaji, suka soke gwajin somin-taɓi da aka shirya yi a ma'aikata guda, suka ƙaddamar duk da gargaɗin da aka yi musu. Ƙasa ce mai wuta dare da rana da intanet mai ƙarfi, ba ta da matsalar Muhammadu da Mohammed, amma ta faɗa rami irin namu.

Da wannan a zuciya, a koma kan alamar nan ta ɗazu. Kowace manhajar albashi tana da siffar ma'aikaci da aka zana mata tun kafin a rubuta layi ɗaya. Siffar da aka zana wa IPPIS ta ma'aikacin sakatariya ce: mutum ɗaya, lamba ɗaya, ofis ɗaya, albashi ɗaya, yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 17, ya yi ritaya idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki. Wannan siffa ita ce makamin kama ɓarayi. Idan yatsa ɗaya ko BVN ɗaya ya bayyana a wurare biyu, manhajar ta san ta kama ma'aikacin bogi, sai ta tsayar da biya na biyu.

Yanzu a kawo malamin makaranta a tsayar da shi kusa da wannan siffa. Aikinsa ya halatta masa, bayan wasu shekaru, ya tafi wata makaranta ya koyar shekara guda, makarantarsa na biyansa, mai masaukinsa ma na biyansa. Sabuwar makarantar da ba ta da ƙwararre a wani fanni, ko wadda ke nesa da manyan birane kamar tamu, da malaman ziyara take cike giɓi kafin hukumar tantance kwasa-kwasai ta zo. A idon doka wannan halal ne. A idon manhajar, yatsa ɗaya ne a wurare biyu. Ba kuskure ta yi ba lokacin da ta riƙe kuɗinsa, aikin da aka saye ta dominsa ta yi. Haka batun shekaru: dokokin 2012 sun kai ritayar farfesa shekara 70, ta malaman kwalejojin kimiyya da na ilimi 65, kuma rashin la'akari da wannan yana cikin abubuwan da ASUU ta lissafa tun farko. Tsarin albashin ma ba ɗaya ba ne. Sakatariya tana kan CONPSS, malaman jami'a kan CONUASS, malaman kwaleji kan CONPCASS, sauran ma'aikatan kwaleji kan CONTEDISS, kowane da alawus ɗinsa da sharuɗɗansa. Asirin wanda bai ga ko sisi ba ke nan.

Na wanda albashinsa ya ragu ya fi ɗaci, domin wani ɓangare nasa ba matsalar kwamfuta ba ce ko kaɗan. Da ƙorafi ya yi yawa a 2020, ofishin Akanta Janar ya mayar da martani cewa harajin da IPPIS ke cirewa shi ne wanda doka ta tanada, makarantun ne a da suke cire ƙasa da haka. Ya ce kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa ma doka ce, wadda take nan tun 1992. Alawus ɗin da hukumar kula da albashi ta ƙasa ba ta amince da shi a rubuce ba kuwa, manhajar ba ta san da shi ba. Wato shekara da shekaru akwai sassauci da fahimtar juna tsakanin makarantu da hukumomin haraji na jihohi da ƙungiyoyi, abubuwan da ba sa cikin kowane kundi, suna cikin kawunan tsofaffin ma'aikatan ofishin ma'aji. Ranar da aka koma sabon tsari, duk suka ɓace a dare ɗaya. Ko gwamnati na da gaskiya a kan harajin, hanyar da ta bi ba ta dace ba. Canjin da zai taɓa tukunyar gidan mutum, a zaunar da shi a gaya masa watanni kafin lokaci. Barinsa ya gano a alat, sannan ya je ya huce a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, zalunci ne a kan su biyun.

Kuɗin adashin da suka ɓata a hanya fa? Cirewa da turawa ayyuka biyu ne. Cirewa lissafi ne kawai, manhajar albashi ta rubuta cewa daga cikin kuɗin wane an riƙe kaza. Turawa kuwa biya ne na gaske, sai an saki kuɗi daga baitulmali. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, kuɗin gwamnatin tarayya a Babban Banki suke zaune, fitarsu kuma tana bi ta wasu manhajojin, GIFMIS da Remita, kowace da masu sa hannunta. A da, ma'aji ɗaya ne ke cirewa ya kuma rubuta wa adashin cek, sakataren adashin yana iya tsayawa a kansa har ya sa hannu. Da aka raba aikin tsakanin manhajoji da ofisoshi, takardar albashi tana iya faɗin gaskiya cewa an cire, asusun adashi ma ya faɗi gaskiya cewa bai karɓa ba. Kuɗin suna tsakani, a baitulmali, suna jiran wani ya sake su. Wanda ke Kontagora ba ya iya ganin wannan tsakanin ta kowace taga.

Nan ne haushin mai rubuta manhaja yake, kuma ya kamata shugabanni su ji shi da kyau, don ba lalaci ba ne, ba kuma kishin an kawo kayan waje ba ne. Mutum ne da aka koya wa bin sawun kuskure. A manhajar da ya rubuta, idan lissafi ya karkace, zai buɗe kundin da ke rubuta duk abin da na'ura ta yi, ya ga layin da ya jawo, ya gwada gyaran a kwafin gwaji, kafin la'asar ya gama. A tsarin IPPIS da aka ɗora masa a lokacin, yana ganin kuskuren ƙuru-ƙuru, sau da yawa ma ya san abin da ya haddasa shi, amma ba shi da kundin, ba shi da kwafin gwaji, ba shi da ikon taɓa dokar lissafi. Abin da ya rage masa shi ne wasiƙa. Wasiƙar ta bi ta ma'aji, ta bi ta shugaban makaranta, ta isa teburin jami'in da ke kula da makarantu da dama a Abuja. Idan gyaran ya shafi yadda aka saita manhajar, sai an koma wa ɗan kwangila, shi kuma kowane canji aiki ne mai farashi da sai an amince. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan akwai aikin ɓoye da ba wanda ke lissafawa. Tunda ba zai iya dogara da abin da ya fito daga sama ba, dole ya riƙe nasa jadawalin a Excel, ya riƙa gwada shi da na Abuja suna bayan suna duk wata, don ya san wa aka rage wa, wa aka tsallake, ariyas ɗin wa ya taru. Tsarin da aka kawo don a samu rajista guda ya haifar da rajista biyu, ta biyun kuma tana cikin kwamfutar mutum ɗaya, wadda ranar da ta lalace ko aka sace ta shi ke nan. Ƙwarewar da ya kamata ta tafi wajen gina wa ɗalibai abin amfani ta ƙare a kwafe lambobi daga wannan shafi zuwa wancan.

Idan wasiƙa ta yi shiru, sai a ce sai an je Abuja. A takarda jimla ce gajera. Daga Kontagora tana nufin Tegina, Zungeru, Minna, Suleja, a kan hanyar da direbobi suka san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Kuma a waɗanne shekaru? A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara, a Mayun shekarar aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina. A irin wannan lokaci ma'aikaci yakan ɗauki fayil ya hau mota don a gyara ranar haihuwa ko a shigar da sunan sabon malami. Wanda ya zana tsarin bai sa wannan hanya cikin lissafinsa ba, domin daga ofishinsa zuwa ofishin Akanta Janar tafiyar mintuna ce.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci: shugabanni ba su san haka zai faru ba? ASUU ta faɗi yawancin waɗannan abubuwa kafin a fara. Amsar da na gamsu da ita ita ce mai saye daban, mai amfani daban. Wanda ya zaɓi manhajar yana da tambayoyinsa: ma'aikata nawa nake da su, nawa zan biya a wata, wa zai hana shugaban makaranta ɗaukar mutum ɗari ba da sanina ba? IPPIS ta amsa masa waɗannan. Tambayoyin mai aiki da ita kuwa, yaya zan biya malamin ziyara, ina zan ga dalilin da ya sa aka ƙi wannan suna, wa zan kira, ba su shiga ɗakin da aka yanke shawara ba, domin shi kansa bai shiga ba. Ana nuna wa shugabanni manhaja a allo da bayanan misali masu tsabta. Ana kiran Injiniya bayan an sa hannu, a ba shi horon kwana kaɗan da kalmar sirri. Wannan bai taƙaita ga gwamnati ba. Haka ake yi a bankuna da asibitoci da kamfanonin rarraba kaya, duk inda mai sa hannu a cek ba shi ne zai zauna gaban allon ba.

Malaman jami'a sun mayar da martani irin na masu sana'ar: suka rubuta tasu. UTAS ta fito daga hannun masana kwamfuta na cikin ASUU, SSANU da NASU ma suka kawo tasu mai suna U3PS. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman da yake Buhari da kansa ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 a 2018, wanda ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan kimiyya da fasaha. Aka miƙa UTAS ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa, hukumar ta ce ta faɗi wasu gwaje-gwaje, ASUU ta musanta, aka yi ta ja har cikin yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Ni ban ga laifin a tsananta wa UTAS gwaji ba. Manhajar da masu karɓar albashi suka rubuta don biyan kansu tana buƙatar idon wani na waje, kuma gwamnati na da haƙƙin ta ga kowane suna da kowace naira. Abin da ya ba ni takaici shi ne abin da ya fito a zaman da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira a Satumban 2022: NITDA ta ce da UTAS da U3PS da IPPIS ɗin kanta, babu wadda ta tsallake gwajin gaba ɗaya. A lokacin an fi shekara biyu ana biyan makarantu da ta ukun.

A ranar 13 ga Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da na ilimi daga IPPIS. Dalilin da ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya bayar shi ne babu ma'ana shugabannin jami'o'i su riƙa barin aikinsu suna zarya Abuja don shigar da sunayen ma'aikata. Aiwatarwar ta ɗauki kusan shekara guda. Sai a Nuwamban 2024 ofishin Akanta Janar ya tabbatar da rufe IPPIS ga waɗannan makarantu, aka ce su riƙa shirya albashinsu a biya ta GIFMIS. Lissafi ya dawo kusa da gida, amma GIFMIS ma daga sama aka zaɓe ta, kuma ba UTAS aka ɗauka ba. Har a 2025, cikin buƙatun da ASUU ke gabatar wa gwamnati akwai albashin malaman sabatika da na wucin gadi da IPPIS ta riƙe, da kuɗin adashi da na ƙungiya da aka cire wa mutane ba a tura ba.